Kebul Ɗin Da Ya Shiga Ɗakin Mumuni

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa komai ba, sai dai ma in rage, don akwai wuraren da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bar shi, ni dai na san abin da idona ya gani.

Ni ɗan Zangon Sokode ne a ƙasar Togo, can aka haife ni, fatauci ne ya kawo kakanmu daga arewa ya zauna. Sana'ata gyaran kwamfuta da haɗa wa mutane intanet a gida ko a ofis, ina da ɗan shago ba nisa da babbar kasuwa. To a shekarun baya, lokacin da garin ya rikice da zanga-zangar neman canjin mulki, aiki ya tsaya mana cak. Wanda ya zauna Sokode a lokacin ya san abin da nake faɗi: yau a ƙona taya a kan titi, gobe hayaƙin barkonon tsohuwa ya cika unguwa har cikin ɗaki, samari wasu sun shige daji wasu sun tsallaka iyaka, kasuwa ta buɗe da safe kafin rana ta take an watse. Intanet ɗin ma akwai ranakun da ake ɗauke shi ɗungurungum, to mai gyaransa me zai gyara? Ina zaune haka nan sai kawuna, ƙanin mahaifiyata da ke sayar da albasa a Dapaong, ya kira ni ya ce in tattara in taho wurinsa in huta kwana biyu kafin ƙura ta lafa, kuma dama akwai wani amininsa da intanet ɗin gidansa ya addabe shi, ya rasa mai duba masa. Ban yi gardama ba, na zuba kayan aikina a jaka na hau mota.

Aminin kawun nawa sunansa Alhaji Salifu, dattijo ne mai motocin ɗaukar kaya, gidansa babba ne amma shiru kamar ba mutane. Matarsa Hajiya Ramatu, 'ya'yansu biyu ne kacal: Zenabu da ke aure a Jamus, sai ƙaninta Mumuni. Tun a hanya Kawu ya ja mini kunne ya ce kada in kuskura in ambaci sunan Mumuni a gidan. Yaron yana karatun fasaha ne a Sokode, saurayi ɗan wajen shekara ashirin, ranar wata babbar zanga-zanga ya fita daga gidan da yake haya, tun daga nan ba wanda ya sake sa shi a ido. Lokacin an doshi wata biyu. Alhaji ya je Sokode ya zaga asibiti, ya zaga ɗakin ajiye gawa, ya zaga duk inda ake tsare mutane, babu shi babu labarinsa. Har ya fara maganar a yi masa salla a yi sadaka, Hajiya ta ce ba a gidanta ba.

Tun ɓatan yaron Hajiya ta daina fita, abinci ma sai an yi da gaske, abu ɗaya da ke riƙe da ita shi ne hirar da take yi da Zenabu ta kwamfuta, suna ganin juna, kullum bayan azahar in Zenabu ta taso daga aiki. To nan matsalar take. Intanet ɗin na waya ne, irin wanda ke biyo layin tarhon gida ya shiga modem, daga modem kebul ya kai shi kwamfutar da ke falo. Da safe lafiya lau yake gudu, da yamma ma haka, amma da an idar da azahar sai ya koma tafiyar hawainiya, fuskar Zenabu ta daskare a kan allo, muryarta ta riƙa zuwa gutsi-gutsi, har sai an kira la'asar sannan ya saki, lokacin kuwa ita Zenabu ta tashi ta shiga hidimar gidanta. Ma'aikatan kamfanin waya sun zo sun auna sun ce daga wajensu layi ƙalau yake.

"Ɗana," in ji Alhaji, "ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Abin da na sani, in ta gama kallon fuskar 'yarta a daskare sai ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Ka taimake ni."

Na ce, "In sha Allahu, Baba Alhaji, ƙaramin abu ne."

Haka na ɗauka da gaske, don irin wannan aikin na yi shi ba adadi. Na jira aka yi azahar, na zauna gaban kwamfutar na auna gudun, na ga ya faɗi ƙasa warwas. Na kashe modem na kunna, shiru. Na canja kebul ɗin da ya haɗa modem da kwamfuta na sa sabo fil daga jakata, shiru. Na duba ko kwamfutar ce ke sauke wani abu a ɓoye, ko ta kamu da cuta, na wanke ta tas, na rufe duk abin da ke buɗe, babu canji. Na cire ta gaba ɗaya na jona tawa ta hannu a wurin, ita ma ta kama rarrafe, nan na san laifin ba na kwamfuta ba ne. Na ce to ko maƙwabta ne ke sata ta iska, na duba, ashe Alhaji ya sa an kashe wannan ɓangaren tun da daɗewa, babu mai shiga sai da kebul. Washegari da safe na sa tsani na bi wayar tun daga turken da ke bakin titi har cikin gida, na samu wani mahaɗi ya yi tsatsa, na kankare na naɗe shi, na canja ɗan akwatin nan da ke raba layin tarho da na intanet, na sauko ina ta murna na ce na kama ɓarawon. Ana idar da azahar abin ya dawo kamar ban taɓa komai ba.

Kunya ta kama ni, ga Hajiya zaune a kan tabarma a bayana da carbi, kallona kawai take. Shi modem ɗin a can saman kabad aka ɗora shi, an yafa masa ɗan kyalle saboda ƙura, da ma miƙa hannu kawai nake yi ina lalubawa. Ran nan sai na jawo kujera na hau na yaye kyallen na ƙura masa ido. In kun san modem, akwai 'yan ramuka a bayansa inda ake cusa kebul, kowane rami da 'yar fitilarsa a gaba. Fitilar rami na farko, na kwamfutar falo, tana ƙiftawa jefi-jefi. Amma ta rami na uku, wallahi kamar za ta fashe don ƙiftawa, ba tsayawa, irin yadda take yi in ana jan abu mai nauyi. Na leƙa baya sai ga wani siririn kebul da aka shafe da fenti kalar bango, shi ya sa ban lura da shi ba, ya bi ta wata huda a saman taga ya fita tsakar gida.

Na ce, "Baba Alhaji, wannan ina ya tafi? Akwai wata kwamfutar a gidan nan?"

Ya ce babu. Na fita na bi kebul ɗin da ido, ya bi gefen bango, ya wuce madafa, ya shige ta saman wata ƙofa mai shuɗin fenti da kwaɗo a jiki. Na ce ɗakin wa ne wannan, Alhaji ya kawar da kai, sai na gane na Mumuni ne.

Na dawo falo na ce bari in gwada wani abu. Lokacin Hajiya ta tashi ta fita tsakar gida, sai ni da Alhaji. Na hau kujera na zare kebul ɗin nan. Nan take fitilar ta mutu, na auna gudu, ya tashi sama kamar an buɗe famfo, kiran Zenabu ya shigo, fuskarta tar, har ana ganin zanen ɗankwalinta. Alhaji ya yi hamdala ya dafa kafaɗata, ya ɗaga murya yana kiran Hajiya ta zo ta ga 'yarta.

Ta shigo, amma ko kallon allon ba ta yi ba. Hannunta ɗaya dafe da ƙirji, ɗayan riƙe da ƙyauren ƙofa, fuskarta ta canja, kuma ku tuna ba ta ga abin da na yi ba, tana waje.

"Me ka cire?" ta ce da ni. "Ɗana, me ka cire? Mayar da shi."

Na ce, "Mma, wani tsohon kebul ne da ba ya aiki, shi ke janye muku gudun. Ga Zenabu can tana jiranki."

"Mayar da shi don girman Allah."

Alhaji ya ce, "Ramatu, yaron nan kwana biyu yana wahala, yanzu ya gyara kuma ki ce ya ɓata?" Ta ce ita ba ta san gyara ba, ba ta san ɓatawa ba, ita dai numfashinta ne ke ɗaukewa. Suka tsaya suna ja-in-ja, Zenabu na ta sallama a kan allo ba mai amsa mata, ni kuma ina tsaye bisa kujera da kebul a hannu ban san na wa zan bi ba, mai gida ne ya kira ni aiki. An ɗauki ɗan lokaci a haka, sai da Hajiya ta durƙushe a bakin ƙofa sannan Alhaji ya juyo ya ce, "Mayar mata." Na cusa. Fitilar ta yi jim a mace, har na ce shi ke nan, can sai ta kawo, ta ƙifta sau ɗaya, ta sake, sannan ta ci gaba da rawarta. Fuskar Zenabu ta daskare. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya ta jingina da bango.

Na roƙi Alhaji ya buɗe mini ɗakin. Ya daɗe yana juya mukullin a hannu kafin ya sa a kwaɗon, ya ce tun da yaron ya koma makaranta ba a buɗe ba. Ɗaki ne na saurayi, gado a gyare, littattafai, ƙwallo a ƙarƙashin tebur, ƙura ta lulluɓe komai. A kan teburin babu kwamfuta, Alhaji ya ce da ita ya tafi Sokode. Bakin kebul ɗin kuwa ga shi nan yana lilo daga gefen tebur, bai shiga komai ba, bai taɓa komai ba.

Bari in yi muku bayani, don wanda ba sana'arsa ba ce ba zai ga abin tsoro a nan ba. Waccan fitilar ba ta kamawa sai in akwai na'ura a kunne a ɗaya bakin kebul ɗin, suna magana da modem. Kebul da bakinsa ke reto a iska, fitilarsa a mace take, ko yaron da ya fara koyon aiki jiya ya san haka. Na ce ko ɓera ne ya ci shi wayoyin ciki suka haɗe, na bi shi da yatsa taku-taku tun daga ɗakin har falo, ko ƙwarzane babu. Ga kuma wani abu: ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba warin ƙura ya kamata ya yi, amma wannan warin kifin banda yake, gauraye da man kaɗanya da wani ɗacin magani. Na tambayi Alhaji ko ana ajiye kifi a kusa, ya shinshina ya ce shi ma yana ji, amma gidansa ba a taɓa banda ba.

Abu ɗaya ya rage ban gwada ba. In layi na da ƙara yana rage gudun intanet, kuma hanyar ganewa ita ce ka ɗaga kan tarhon gida ka saurara. Na koma falo na ɗaga na kara a kunne. Da farko ƙarar layi ce kawai, sai a ƙarƙashinta na fara jin wani abu can nesa, kamar injin niƙa yana aiki, yana tari yana kamawa. Ban damu ba, layuka kan haɗe, na sha jin hirar mutane a layin wasu. Sai injin ya tsaya, sai na ji kiran salla. Na sauke kan tarhon na saurari waje, masallacin unguwar su Alhaji bai kira ba tukuna. Na mayar kunne. Jama'a, na san muryar nan. Wani tsohon ladan ne na wani ƙaramin masallaci a bakin rafi can ƙasan unguwarmu a Sokode, muryarsa a dishe take, kuma kullum in ya kai tsakiya sai ya tsaya ya yi gyaran murya sau biyu, muna yara har kwaikwayonsa muke yi ana dukanmu. Ga shi a kunnena a Dapaong, tafiyar yini guda a mota, ya kai tsakiya ya tsaya ya yi gyaran muryar nan tasa. Kusa da kunnena kuma, kusa ƙwarai, wani yana numfashi da ƙyar, sai ya ce a hankali, da Hausa, "Mma, ƙofar ta ƙi buɗuwa."

Ban san lokacin da Hajiya ta taso ta fizge kan tarhon daga hannuna ba. Ta kara a kunne, amma kiran sallar ya ƙare, babu komai sai ƙarar layi. Na ɗaga kai na ga fitila ta uku ta mutu da kanta, daidai nan ladanin unguwa ya ɗaga murya.

"Shi ne ko?" ta ce. Ban taɓa jin muryar Mumuni ba, ban san shi ba, me zan ce mata? Na ce, "Mma, na ji wani yana kiran mahaifiyarsa. Kuma na san inda ake kiran sallar da na ji."

Alhaji ya ja ni zaure, ransa a ɓace. Ya ce shi ya taka Sokode da ƙafarsa, ya buɗe fuskokin gawarwakin 'ya'yan mutane yana dubawa, kada in zo in ɗaga wa matarsa rai a kan ƙarar waya, in ta sake faɗuwa wannan karon ba za ta tashi ba. Na ce, "Baba Alhaji, ni ma ban san me na ji ba. Amma garinmu ne, zan je in duba, in ban samu komai ba ba sai an gaya mata ba." Sai ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, in ƙarya ce gara ya gani da idonsa. Kafin mu fita Hajiya ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a gindin kabad ɗin, ta ce ba mai taɓa modem ɗin nan sai ya tsallake ta.

Muka kama hanya washegari a ƙaramar motarsa, shinge bayan shinge, a sauke mu a duba takardu a buɗe jakata a tambayi me wayoyin nan suke yi, ba mu shiga Sokode ba sai da rana ta yi sanyi, dole muka kwana a gidanmu. Da hantsi na kai shi bakin rafin. Ga masallacin, ga injin niƙa a jikinsa yana tari. Muka samu tsohon ladanin yana shara, na gaishe shi da Kotokolanci, yaren mutanen garin, don na iya, na tambaye shi ko akwai wani baƙon yaro marar lafiya a kusa. Ya dube ni ya dubi Alhaji da babbar rigarsa, ya ce bai san komai ba, ya ci gaba da shararsa. Ba laifinsa, a lokacin wanda aka samu da mai rauni a gida shi ma yana iya shiga uku. Na yi magiya, ya ƙi. Sai Alhaji, mutum mai motoci da yara a ƙarƙashinsa, ya zauna dirshan a ƙasa cikin ƙurar, ya cire hularsa ya ce in gaya wa tsohon shi ba kowa ba ne, uba ne, ko kabari ne a nuna masa ya gode. Tsohon ya jingine tsintsiya ya ce mu biyo shi.

Gida na biyu ne daga masallacin. Tun daga zaure warin ya dake ni, kifin banda da man kaɗanya, na dubi Alhaji na ga shi ma ya tsaya cak. Wata tsohuwa ce mai bandar kifi, ita kaɗai take zaune. Ta ɗaga labulen ƙuryar ɗakinta, ga mutum kwance a kan katifa, ya rame ƙashi da fata, kansa naɗe da tsumma, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa. Alhaji bai yi ihu ba, bai yi komai ba, ya dai durƙusa ya ɗora goshinsa a kan ƙafafun yaron, kafaɗunsa na rawa.

Tsohuwar ta ba mu labari ina fassarawa. Ranar zanga-zangar, da hayaƙi ya lafa, ta sauka rafi ta same shi a ƙarƙashin gada, da alama gudu yake ya zame ya faɗo kansa ya bugi dutse. Babu jaka, babu waya, babu takarda a jikinsa. Ita da ladan suka ɗauko shi, ta ji tsoron kai shi asibiti, sai wani ɗan'uwanta da ya taɓa aikin jinya yake zuwa a ɓoye yana wanke ciwon. Koko take ɗura masa da cokali. Bai taɓa faɗin sunansa ba. Amma kullum, in ji ta, da an idar da azahar sai jikinsa ya sandare, leɓɓansa su yi ta motsi kamar mai magana da wani, har sai ladan ya kira la'asar sannan ya saki ya yi barci.

Sai ta ƙara da wata magana. Ta ce Allah ne ya yi za mu same shi da rai, don shekaranjiya ya tafi ya dawo. Yana cikin motsa bakin nan sai ya tsaya, numfashi ya ɗauke, ta taɓa ƙirji shiru, ta kira ladan ya zo ya duba ya yi salati, har ta ja zane ta rufe masa fuska, suna tsaye suna shawarar yadda za a yi da gawar baƙo, sai suka ji ya ja numfashi da ƙarfi zanen ya motsa. Na tambaye ta da wane lokaci. Ta ce tsakanin azahar da la'asar. Shekaranjiya kuwa ita ce ranar da na tsaya bisa kujera da kebul a hannu ina jira mata da miji su gama gardama. Ban fassara wa Alhaji wannan ba a lokacin, fita na yi waje na zauna a bakin rafin.

A ranar aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a wajen garin, ya daɗe a kwance, amma ya tashi. Magana ta dawo masa a hankali, sai dai hannunsa na hagu bai koma daidai ba, karatun ma bai koma ba. Ni kuwa na zauna a Sokode, ban sake ganinsa ba sai bayan watanni da na je Dapaong gaida Kawu, na biya gidan. Hajiya ta rungume ni kamar ɗan da ta haifa, ta ce tun ranar da aka ɗauko shi intanet bai sake yin nauyi ba, fitilar ma ba ta sake kamawa ba, amma kebul ɗin yana nan a raminsa, ta hana a cire.

Mumuni na zaune a inuwa a tsakar gida. A iya sanina bai taɓa ganina da hankalinsa ba, ranar da muka same shi idonsa ba ya ganin kowa. Na miƙa masa hannu zan faɗi ko ni wane ne, sai ya riƙe hannun ya ƙura mini ido ya ce, "Yaya, ai na san ka. Kai ne ka shigo ɗakina tare da Baba. Ka zauna a bakin gado, a kan ƙafata, kana juya bakin kebul ɗin, har ka hura shi ka goge a rigarka. Ina ta yi maka magana ba ka waiwayo ba."

Wallahi na yi haka. Na zauna a bakin gadon nan, na hura kebul ɗin na goge a rigata, ni kaina na manta sai da ya faɗa. Ya ce kullum da rana yakan tsinci kansa a ɗakin, yana jin motsin Mma a tsakar gida, yana jin ƙamshin girkinta, ya yi ta tura ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na daure na ce, to akwai ranar da wani abu ya canja? Ya sunkuyar da kai ya ce akwai ranar da ɗakin ya ɗauke gaba ɗaya kamar an kashe fitila, ya samu kansa a wani wuri, kuma akwai mutane a wurin, da yawa, suna tsaye shiru. Na ce su wa? Ya ce, "Yaya, bar wannan maganar." Bai sake ɗaga kai ba har na tafi.

Na ba wani abokina injiniya labarin, ya ce layi ne ya haɗe, sauran kuma tsoro ne ya ƙara mini. Na ce to fitilar fa, ya ce modem ɗin ne ya lalace. Na kai wa wani malami, ya ce rai na da hanyoyin da ba mu sani ba, in yi shiru in yawaita istigfari. Ni dai ban san wanne zan kama ba, kuma na daina nema. Har yanzu ina sana'ata, na cire kebul ya fi a ƙirga tun daga lokacin, amma hannuna bai taɓa kai wa ga wanda ban san inda ya nufa ba ban ji gabana ya faɗi ba.

Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana masu wannan aiki: in kun shiga gidan mutane gyara, kuka ga waya ta bi bango ta shige ɗakin da aka kulle, kada ku yi saurin zarewa don kun ga littafi ya ce ba ta da amfani. Ku yi bisimilla, ku tambayi ɗakin wa ne. In kuma uwa ta ce ku mayar, to ku mayar nan take, kada ku tsaya jiran kowa. Allah ya tsare mu da abin da idonmu ba ya gani.